Rabin Shafin Malam Hudu

Dutsin-Ma,
22 ga Afrilu.

Zuwa ga mahaifina, Malam Hudu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata kana lafiya, kai da Inna da Misbahu da sauran mutanen gida. Ya zafin nan da ake fama da shi? Ya ƙirjin naka? Misbahu ya ce mani har yanzu kana hawan keke zuwa gonar Wurma da rana tsaka, kai da likita ya ce ka huta. Ni dai ban ce komai ba, na rubuta ne don ka san labari ya iso ni.

Abokan aikina dariya za su yi in suka ji ina rubuta wasiƙa zuwa Kurfi, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, a zamanin da kowa ke riƙe da waya. To, su yi. Kunnenka ba ya ɗaukar waya, kuma kai ka ce lissafi ba a yin shi da baki. Tun ina makarantar kwana haka muke, in rubuto, ka bi da jan biro a gefe, ka maido mani da takardata. Kamilu direba ya san ƙofata, ba sai an rubuta mashi suna a bayan ambulan ba.

Malam, mujallar nan ta waje ta amso, bayan wata goma sha ɗaya. Ka san tsarinsu, edita yana ba masana biyu maƙala su tantance, ba su san ni ba, ni ma ba a faɗa mani ko su wane ne. Na farkon layi biyar ya rubuta ya ce ba laifi, ina jin ko shafi na ukku bai kai ba. Na biyun kuwa, tabɗi! Shafi tara ya cika, har waƙafi bai bari ba. Kuma ya gano ɓaraka.

Bari in tuna maka matsalar. Ayyuka ne ke zuwa ɗaya bayan ɗaya, manya da ƙanana, ana raba su ga injina da yawa ba tare da an san wanda zai biyo baya ba. Na tsara hanyar rabon, na kawo hujja cewa duk tsanani jinkirinta ba zai wuce wata iyaka ba. A gaɓa ta huɗu ta hujjar na haɗa injinan bibbiyu, mai kaya da yawa da mai kaɗan. Shi ne bawan Allahn nan ya tambaya, in adadin injinan mara ne fa, ɗaya ya rage ba abokin haɗi? Wallahi sai da na ajiye takardar na fita tsakar gida na tsaya. Shekara ukku ina kan aikin nan, ban taɓa tunanin cika da mara ba, abin da yara ke wasa da shi da gyaɗa.

Sun ba ni wata biyu in gyara. Kwamitin ƙarin girma na jami'a kuma zai rufe karɓar takardu ƙarshen Agusta. Maƙala ɗaya ta rage mani in cika sharaɗi, kuma ka san sau biyu ana tsallake ni.

Ba ni da wanda zan nuna wa a nan. A sashenmu adashi suke yi, amma na suna. Mutum shida ne, duk wanda ya rubuta maƙala sai ya jera sunayen sauran biyar, kafin shekara ta zagayo kowa yana da shida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tun ranar da na ce wa Dokta Sirajuddeen, shugaban sashe, ba zan sa sunan wanda bai karanta ko shafin farko ba, in na shiga ɗakin malamai sai hira ta koma maganar farashin taki. Suna gaishe ni, ba zan yi masu ƙarya ba, amma iyakarta ke nan. Yazid kuma tun da aka maida shi Jalingo sai in yi wata biyu ban ga maigidan nawa ba, in ma ya zo, da na fara zancen injina yake hamma. Wani lokaci sai in ga a duk duniya mutum biyu ne suka taɓa karanta aikina layi-layi, kai da wannan marar sunan da ya ƙi ni.

Ga shafukan nan huɗu na haɗo maka, ba don ka wahalar da kanka ba, don dai in samu wanda zan yi wa kuka. Akwai busasshen kifin Zobe a leda, na Inna ne.

Ka gaida kowa da kowa. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ɗiyarka,
Kubra.


Dutsin-Ma,
19 ga Mayu.

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata duk kuna lafiya. Ya shirin damina? Na ji an samu yayyafi a Birchi, Allah ya kawo mai albarka.

Malam! Kai, Malam! Ashe haka kake?

Da Kamilu ya miƙo mani ambulan ina ƙofar aji, na ɗauka gyaran nahawu zan gani kamar kullum. Sai ga rabin shafi da jan biro a bayan takardata, da zanen rijiya da komin shayar da shanu. Na karanta sau ɗaya ban gane ba, har na ce a raina tsufa ya fara taɓa Malam, Allah na tuba. Ka ce a rijiyar Wurma garke bibbiyu ke shan ruwa, babba da ƙarami, in ɗaya ya rage ba a nemo mashi baƙo, raba shi ake yi gida biyu, rabi ya sha da safe rabi da yamma, ya zama abokin kansa. Sannan ka bi da layi bakwai na lissafi. A karatu na ukku ne na gane abin da ka yi. Ɗalibai sun yi minti ashirin suna jirana, ni ina tsaye a baranda ina magana ni kaɗai.

Na yi mako ukku ina neman inda zai karye. Na gwada da injina ukku, da biyar, da dubu da ɗaya a kwamfuta, na sake bin hujjar da hannu. Bai karye ba. Har ya rage mani shafi biyu da na cika da surutu. Ni da digiri ukku na yi wata guda ina zagaye, malamin sakandare mai ritaya ya warware tsakanin azahar da la'asar. Lallai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Na fito ina neman wanda zan faɗa wa. Na leƙa ofis biyu, na ga fuskokinsu, na ce sannunku da aiki na wuce. A ƙarshe mai sayar da awara a bakin ƙofa na faɗa wa cewa mahaifina ya yi abin mamaki, ta ce Allah ya ƙara basira, ta tambaye ni ko a sa yaji.

Na aika masu da gyaran jiya. Kuma ina so ka ji daga bakina, na rubuta wa edita cewa marubuta sun zama biyu. Gaɓa ta huɗu ita ce ƙashin bayan maƙalar, kuma taka ce. Ban yi shawara da kai ba don na san abin da za ka ce.

A gaida Inna, a ce mata zannuwan suna nan tafe. Na bar ku lafiya.

Ɗiyarka,
Kubra.


Dutsin-Ma,
11 ga Yuli.

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ya jiki, ya noma? Misbahu ya ce gero ya rufe ƙasa, amma ya ce tarin nan ya dawo maka. Don Allah ka sha maganin har ya ƙare, ba wai ka ji sauƙi ka ajiye a kan taga ba.

Wasiƙata ta dawo, na ga amsarka. Ka zagaye inda na ce marubuta biyu, ka rubuta a'a a gefe, ka ja mata layi biyu a ƙasa. Ka ƙara da cewa uba ba ya sa hannu a akushin ɗiyarsa, kuma mutane za su ce na ƙi nasu na sa na gida.

To, sun riga sun faɗa, Malam. Ban san yadda maganar ta fita ba, wataƙila wurin mai buga takardu. Yanzu a sashe ana cewa ashe Dokta Kubra ma tana adashi, na gado ne nata. Dokta Sirajuddeen ya kira ni ofis, ya yi mani magana a hankali kamar mai ba marar lafiya haƙuri. Ya ce kwamiti in ya ga sunan mahaifi zai ɗaga gira, gara in cire, in kuma ina son suna na biyu ga nashi nan, shi zai tsaya mani. Na yi godiya, na tambaye shi ko zai iya faɗa mani abin da gaɓa ta huɗu ta ƙunsa. Tun ranar ko gaisuwar ma ta ragu. Na san bakina ne ke ja mani, amma ai ba daga ƙasa na tsinto shi ba.

Ga labarin da ya sa na rubuto. Mujalla ta karɓi maƙalar. Mutumin nan mai shafi tara, wannan karon layi huɗu ya rubuta, na kwafo maka su da Turancinsu a ƙasa don kar ka ce na ƙara gishiri. Ya ce sabuwar gaɓa ta huɗu ita ce mafi kyawun abin da ke cikin aikin, kuma ya yi shekaru bai ga dabara mai tsabta irinta ba. Bai san yana yabon mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana shan ƙurar alli a Kurfi ba.

Sharaɗi ɗaya ya rage. Tun da an ƙara suna bayan an fara tantancewa, dole kowane marubuci ya sa hannu a fom cewa ya yarda. Sai fom ya koma za su ba ni takardar shaidar karɓa, ita kuma zan kai wa kwamiti. Ga shi nan na haɗo. Wuri biyu ne naka. Na ƙasa sa hannu ne da kwanan wata. Na sama kuma layi ne da za ka rubuta sunan wanda ka wakilta ya yi hulɗa da mujalla a madadinka.

Na san wannan layin ma zai yi maka nauyi, ko da ba za ka faɗa ba. Ni ce ta fari, shekarata talatin da takwas ban taɓa jin sunana a bakinka ba. In kana nemana sai ka ce ina waccan, da na fara koyarwa na koma Malama. Ban taɓa ƙorafi ba, kunya ce, haka muka taso muka gani. Amma ina ƙarama nakan ji ka kira Misbahu tun daga zaure, sunan ya cika gidan, in tsaya ina tunanin yadda nawa zai fito. Ka bar layin ba komai, ni zan cika da kaina. Hannu kawai za ka sa.

Ina jiran Kamilu ranar kasuwa. Allah ya ƙara sauƙi.

Ɗiyarka,
Kubra.


Dutsin-Ma,
20 ga Agusta.

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya ƙarfin jiki? Na iso lafiya ranar Lahadi, hanya ba komai, mun biyo ayari.

Na yi kwana biyu a gida ban iya yi maka maganar ba, shi ya sa na koma ga takarda. Ka rame, Malam. Na zauna a bakin ƙofarka kana kallon bango ina kallon tabarma, ka tambaye ni ɗalibai, ka tambaye ni Yazid, ka tambaye ni ko rufin ɗakina ya daina yoyo. Na ga littafinka na jadawalin lissafi a gefen filo, mai baƙin bangon nan da ba ka yarda kowa ya taɓa. Fom kuwa ban ga alamarsa ba, ban kuma tambaya ba. Ranar kasuwa shida ke nan Kamilu yana tsayawa a ƙofata ya buɗe hannuwa ya girgiza kai.

Edita ya rubuto. Mutumin kirki ne, ya ce in marubuci na biyu bai amince ba, sai a cire sunansa a yi mashi godiya a layin ƙarshe, a ba ni shaidata cikin kwana biyu. Ka ga hanya ta buɗe ke nan, saura kwana goma sha ɗaya kwamiti ya rufe. Yazid ya ce in karɓa. Inna ta aiko Misbahu ya ce in karɓa, kar in tsaya jayayya da mahaifina. Ba zan ɓoye maka ba, na rubuta wa edita amsar na yarda, na zauna ina kallonta har aka kira la'asar, sannan na goge.

Layin godiya na wanda ya ba ka aron littafi ne, ko ya gyara maka Turanci. In na tura ka can na bar sunana shi kaɗai a sama, na ci abin da ba nawa ba, kuma da wane ido zan kalli su Dokta Sirajuddeen? Su suna sa sunan wanda bai yi aiki ba, ni in cire sunan wanda ya yi, duk kanwar ja ce. Kai ka taɓa hana ni maki goma a aji biyu don na kwafi amsa ɗaya daga allon da ba a goge ba. Ban manta ba.

Saboda haka ga inda na tsaya. Ba ta fita sai da sunanka. In ka ƙi, ta zauna a aljihun teburina, a tsallake ni karo na ukku. Ba barazana nake yi ba, wace ni. Ina dai so ka san taurin kan da kake gani naka ne.

Ina kewar jan biron nan. Wasiƙata ta Yuli ba ta dawo ba, ko waƙafi ɗaya ba a gyara mani ba, ɗakin nan sai ya ƙara girma.

Allah ya ba ka lafiya, ya bar mana kai.

Ɗiyarka,
Kubra.


Dutsin-Ma,
24 ga Nuwamba.

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Na saba in fara da tambayar lafiya, yau ban san da me zan fara ba. Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sa ka huta. Inna tana nan da sauƙi, ta fara cin abinci. An yanke geron Wurma, Misbahu ya ce dami saba'in da huɗu, ya fi na bara.

Na san motar Kamilu ba ta zuwa inda kake. Amma abu ya faru, na duba gabas da yamma ban ga wanda zan faɗa wa ba, hannuna kuma ya saba.

Kwamiti ya rufe ranar da ya ce zai rufe, ba takardata a ciki. Kwana tara bayan nan ka tafi. A wurin zaman makoki su Dokta Sirajuddeen sun zo da mota guda, sun yi addu'a, na gode masu. Da jerin sunayen ƙarin girma ya fito na tsaya a gaban allo na karanta har ƙasa, kamar wadda ba ta san amsa ba. Na yi fushi da kai, Malam. Ina kuka ina fushi, ina neman gafarar Allah, in koma in ci gaba.

Bayan sadakar arba'in Misbahu ya kawo mani littafinka mai baƙin bango, ya ce Inna ta ce ba mai amfani da shi sai ni. Na yi kwana biyu ban buɗe ba. Da na buɗe, fom ɗin ne ya faɗo, an ninke shi huɗu, tare da wasiƙata ta Yuli. Ka sa hannu. Kwanan watan da ka rubuta sha biyar ga Yuli ne, wato kwana huɗu bayan na aiko. Ashe ranar da na zauna a ƙofarka ina kallon tabarma, yana nan a gefen filonka, tsakanina da shi bai fi taku biyu ba.

Haba Malam! Wata ɗaya da rabi yana kwance, Kamilu yana wucewa ta ƙofar gida duk mako. Wallahi da kana nan da mun yi rigimar da ba mu taɓa yi ba. Sai da na duba layin sama na gane abin da ya hana ka aikowa. Na ce ka bar shi zan cika, ba ka bari ba. Ka cika shi da jan biro, harafi ɗaya-ɗaya, a hankali, irin rubutun da kake yi a kan allo ranar da masu duba makarantu suka zo. Rubutawa ka iya, kai kaɗai a ɗaki. Ka miƙa wa wani ya kawo mani in gani, wannan ne ya gagare ka.

Na aika wa edita hoton fom ɗin yadda yake, na kuma faɗa mashi ka rasu. Ƙa'idarsu baƙin alƙalami ne, amma ya karɓa a haka. Ya dai sanar da ni cewa in marubuci ya rasu kafin a buga, suna sa wata 'yar alama a gefen sunansa. Da na ga samfurin, alamar ta yi kama da gicciye. Na roƙe shi ya canza, na yi mashi bayanin ko kai wane ne, ya sa tauraro a maimakonta. Maƙalar ta fito ranar Alhamis. A ƙarƙashin sunana an rubuta jami'a da sashe. A ƙarƙashin naka, da suka tambayi wace cibiya, na ce su rubuta Kurfi kawai, haka kuwa suka yi.

Na buga kwafi biyu. Ɗaya na kai wa Inna, ta sa Misbahu ya nuna mata inda sunanka yake, ta shafa da yatsa, ta sa a ƙarƙashin kwallarta. Ɗayan yana nan kan tebur, babu wanda ya tambaye ni shi. Baɗi zan sake kai wa kwamiti, in Allah ya kai mu. Na fara wata sabuwar matsala, na maƙale a gaɓa ta biyu. Ranar kasuwar da ta wuce Kamilu ya tsaya a ƙofata ya danna ham don sabo, sai ya tuna, ya ɗaga mani hannu ya ja motarsa.

Na bi wasiƙar nan sau ukku ina duba kurakurai, tun da ba mai maido mani da ita. Zan ninke ta in sa a littafin, inda na samu taka.

Allah ya sada mu da alheri.

Ɗiyarka ta fari, kamar yadda ka rubuta,
Khadijatul Kubra Hudu.